Takardar Likitan da Lefteris Ya Ƙi Karɓowa

A saman bishiya Stratis ya haddace nahawun tsohon Girkanci. Duk tsawon kakar zaitun yana kaɗa rassa da gora yana jero fi'ilai da ƙarfi, ƙannensa mata na tsintar 'ya'yan a ƙasa suna kwaikwayonsa.

Ƙarshen shekara Malam Anestis ya tsayar da shi gaban allo, ya jefo masa fi'ilan da ke sa 'yan aji gumi. Stratis ya zazzago su ko tuntuɓe babu.

"Shekara ashirin ina koyar da harshen matattu," in ji malamin da aka tashi, "ban ga irinka ba. Amma dubi rajista. Fashinka ya haura ƙa'ida da kwana tara. Sai dai ka maimaita aji."

Mahaifin Stratis ya sha faɗa masa cewa ranar da ya maimaita aji, shi da makaranta sai hange.

"Malam, rabin ajin nan sun yi fashin zaitun."

"Su ai mura suka yi, ɗana, har da hatimin likita. Ƙauyen nan duk Nuwamba annoba ake yi, ta warke ranar da injin matsar mai ya tsaya. Babanka ya karɓo takarda kafin Juma'a."

Likitan ƙauyen shi ya riƙe Stratis ranar baftismarsa a coci, kamar uba yake gare shi. Gaisuwa ɗaya daga mahaifinsa ta isa a samu takardar.

Stratis ya tarar da mahaifin nasa, Lefteris, a gidan shan kofi yana dara da abokai.

"Ga farfesa nan. Yau me matattun suka ce?" in ji Lefteris.

Aka yi dariya. Stratis ya sunkuya ya yi masa bayani a hankali.

"Ciwon me ka yi?"

"Babu, Baba. Kai ma ka sani, aikinka na yi."

"To ni ba na ƙarya da lafiyar ɗana."

Abokin wasansa, tsoho Thanasis, ya ajiye kofinsa. "Haba Lefteris. Bara ba da kai muka yi layi a wurin likita ba, kana karɓo wa 'yarka Marika tata takardar? Mashaƙo ma ka ce."

"Marika ba ta da bishiya ɗari huɗu da ke jiranta."

Stratis ya tsaya yana kallon ƙeyar mahaifinsa, yana jira ko zai waigo. Lefteris ya tura ɗan dararsa gaba.

"Gobe da sassafe ka wasa lauje," ya ce. "Ciyawa ta cinye gonar tudu."