Lahadin da Aka Ja Labule a Gidan Cornie

"Cire takalminka, jiya na goge ƙasan nan," in ji Tena matar Cornie, ba ta ko juyo daga kan tukunyar kofi ba.

Harlan ya tuɓe su a bakin ƙofa, ya tsaya da safa da kwat ɗinsa ta coci, ƙato da shi kamar yaron da aka tsawata wa. Daga sujada yake, amma da za a tsare shi a tambaye shi abin da fasto ya faɗa, da ya ji kunya. Ko alewar na'a-na'ar da matarsa ta miƙo masa a tsakiyar wa'azi tana nan cikin aljihu, bai sha ba. Hankalinsa duk yana kan masarar maƙwabcinsa Cornie.

Tun da ciwo ya kwantar da Cornie, likita ya ce a mai da shi gida kawai, maƙwabta suka ɗauki girbinsa. Jiya Asabar sun taru da injinansu sun share gonakin nesa, rana ta faɗi musu ba su taɓa babbar gonar bayan gida ba. Ga shi rediyo ya ce dusar ƙanƙara na tafe da yamma, da iska mai ƙarfi.

"Tena, in ta kwantar da masarar nan, barewa ce kawai za ta gode mana."

"Na sani."

"Kuma in babu amfanin bana, Marlys za ta kwashe ki zuwa birni."

"'Yar tawa ai har hoton ɗakin ta aiko mini. Tagarsa bangon wani take kallo." Ta dire masa kofi. "To me kake so in ce? Yau Lahadi. Ka san wanda ke kwance a falo."

Ya sani kuwa, fiye da kowa. A garinsu Veldhoek ranar Lahadi ba a yanke ciyawar ƙofar gida, ba a shanya wanki, gidan mai ma a rufe yake. Kuma ba a jan labule da rana, don gidan da ya ja labule, to, akwai abin da yake ɓoyewa. Ta wannan tagar ta falo Cornie ya hango Harlan, tun yana sabon ango, yana kwashe ciyawar dabbobi wata Lahadi saboda hadari ya haɗo. Washegari sai ga Cornie da hula a hannu, shi da wani ɗan'uwansa dattijon coci. Harlan ya ce ai ruwa ne zai lalata masa ciyawa. Cornie ya ce, "Mai ruwan shi ne Mai ranar." Sai da Harlan ya tsaya gaban dattawa ya nemi gafara, kunnuwansa jawur. Tun daga nan suna aron tsani da sarƙa a tsakaninsu, suna ɗaga wa juna yatsa ɗaya na gaisuwa a kan sitiyari, amma maganar ba ta taɓa barin maƙogwaron Harlan ba.

Yanzu an kawo gadon Cornie gaban wannan tagar, gonar kuma tana shimfiɗe a gabansa. Harlan ba ya son Tena ta rasa gidanta. Ba ya kuma son abu na ƙarshe da tsohon zai gani a duniya ya zama injin girbi yana aiki ranar Ubangiji.

"Wane ne ke cinye mini kek a can?" Muryar ta fito daga falo, siririya amma da sauran iko.

Harlan ya shiga a hankali. Cornie ya rame har bargon ya fi shi kauri, sai dai an taje masa gashi an sa masa farar riga, don ko a kwance Lahadi Lahadi ce.

"Dattijo, yaya jiki?"

"Jiki ya gama nasa. Ƙanƙara na zuwa."

"Kai da ba ka kunna rediyo ranar Lahadi, wa ya gaya maka?"

"Gwiwata. Ba ta zuwa coci, amma ba ta ƙarya."

Harlan ya murza hularsa, ya gyara murya. Cornie ya ɗaga yatsa.

"Kada ka tambaye ni komai, Harlan. Ka san amsar da zan ba ka, ni kuma ban iya wata ba."

Tsohon ya daɗe yana duban masarar, ya dubi matarsa da ke tsaye a ƙofa riƙe da tsumman goge kwano.

"Tena, hasken nan yana damun idona. Ja labulen."

Wane haske? Sama ta yi toka-toka tun safe. Tena ta dube shi kamar ba ta ji daidai ba, sannan ta je ta kama labulen. Ya ƙi motsi, don tun da aka rataye shi ado kawai yake yi. Sai da Harlan ya sa hannu ya taho da ƙyar, ƙura ta zubo daga sama. Tena ta ce, "Wannan ƙurar ba ka gan ta ba."

Cornie ya zare na'urar ji daga kunnensa ya miƙa mata. "Wannan ma ƙara take mini. Barci zan yi, mai nauyi. Ko jirgin ƙasa ya bi ta bayan gida ba zan ji ba." Ya juyo da ido wajen Harlan. "Kana da alewa?"

Harlan ya laluba aljihu ya sa masa ita a tafin hannu. Sannan ya fita neman takalminsa.

Ko kwat bai tsaya canzawa ba ya tada injin girbinsa a gonar Cornie. Layi biyu na farko yana ta waigen hanya. Ashe labulen ya riga shi yin shela. Wata da ke wucewa ta gan shi a ja, ta ce shi ke nan, Cornie ya cika. Kafin a ce me, mata sun iso da kwanonin abincin ta'aziyya alhali mai gidan na nan da ransa. Mazansu suka tsaya a bakin shinge, suna duban labule, suna duban injin. Delbert, wanda shi ma dattijon coci ne, ya sosa ƙeya ya ɗaga murya.

"Harlan, shi ya ce ka yi?"

"Bai ce ba."

"Ya hana?"

"Barci yake."

Delbert ya ƙara duban labulen, ya kwance abin wuyansa ya cusa a aljihu. "To bari in ɗauko babbar mota a hankali, kada mu tashe shi."

Haka aka yi ta ɗiba ana zubawa a rumbunan Cornie, maza cikin takalman coci, ba mai duban idon wani. Iska ta fara kaɗawa da sanyi lokacin da Harlan ya cinye layin ƙarshe. Yana juyowa ya hangi Tena a bakin gona, ta yafa rigar sanyin mijinta. Ya kashe injin ya sauko.

"Ya tafi," ta ce. "Cikin sauƙi, kamar wanda ya gyangyaɗa a coci."

Harlan ya cire hula. Abin da ke cinsa ya fito da kansa. "Ya ji mu?"

"Da wane kunne? Hannunsa dai yana kan ƙarfen gado, duk zagayowarka kusa da gida gadon sai ya yi rawa." Ta share ido da bakin riga, tana ɗan murmushi. "Ya ce, 'Yaron nan har yanzu yanke kwana yake yi in zai juya inji.' Daga nan ya sha alewarsa."

Harlan ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. Nauyin da ya daɗe yana ɗauke da shi ya sauka, ya ji numfashinsa ya kai har ciki.

"Zo ka sha kofi," in ji Tena. "Ga abinci nan kamar na biki. Ka cire takalmin."

Da suka doshi gidan ya ga ta riga ta buɗe labulen. Na'urar jin tana ajiye a bakin taga. Dusar farko ta fara sauka a hankali a kan guntayen kara.