Fuskar Sarki a Shagon Gyaran Fanka

Mijina gyaran fanka yake yi, da dutsen guga, da butar lantarki. Shagonsa ɗan ƙarami ne, an matse shi tsakanin mai aski da mai sayar da fenti, kuma tun da na aure shi ban taɓa shiga na fito ban yi tuntuɓe da waya ba. Abu ɗaya ya raba shi da sauran masu gyara na layin: Allah ya yi shi da fuskar Sarki. Ba irin kamar nan da sai an ce maka duba da kyau ba. Hancin, faɗin goshin, har ɗan karkacewar leɓen ƙasa, duk na Sarki ne. Lokacin da Sarki yake raye abin wasa ne kawai. Masu wucewa su ce masa ranka ya daɗe, shi kuma ya ɗaga musu sukudireba, a yi dariya kowa ya kama gabansa.

Sai Sarki ya rasu, wasa ya ƙare.

Hotonsa ya cika gari, a bango, a bayan motoci, a ƙofar makarantar firamaren da nake koyarwa. Rediyo kuwa tun safe masu kira ne a waya. Wannan ya ce ba a taɓa yin adali irinsa ba, wancan ya fara cewa a tambayi waɗanda ya ɗaure, sai ka ji an katse layin. Na ga mata biyu a motar haya, ba su ma san juna ba, sun kusa kokawa a kansa. Kowa da maganarsa a baki, wanda za a gaya wa kuma yana ƙarƙashin ƙasa.

Wata mata ce ta fara. Ta kawo fankar da ba abin da ya same ta, ta zauna a benci ta zuba wa mijina ido, sai hawaye. Ta ce ɗanta a asibitin da Sarki ya gina aka yi masa aiki a zuciya, yanzu ga shi har ƙwallo yake bugawa, kuma ba ta taɓa samun hanyar yin godiya ba. Da mijina ya dawo gida yana ba ni labari yana dariya, amma idonsa ya yi ja.

"To kai me ka ce mata?"

"Me zan ce? Na ce Allah ya raya shi."

Bayan ta sai wani direban babbar mota. Shi bai ko ɗauko fanka don kunya ba. Ya tsaya a bakin shago ya zazzage cikinsa tas: ƙanensa ya yi magana a wani taro, aka kama shi, ya fito bayan shekaru ba haƙori a gaba, ba hankali sosai. Ya yi ta ɗaga murya har mai fenti ya fito da sanda. Mijina, da ya rasa ta cewa, sai ya ce, "A yi haƙuri." Direban ya zauna a kan wata tsohuwar fankar tsaye da aka kwantar, ya rufe fuska da hannu, ya ce wannan kalmar yake jira tun yana da baƙin gashi.

To a nan mijina ya ɓace mini. Na san ranar, don ya dawo bai yi dariya ba.

Labari ya bazu, benci ya koma biyu. Masu godiya su zo, masu zagi su zo, har da masu neman a raba musu gardama, wai ya faɗa musu da bakinsa ko gadar nan ta bakin kogi shi ya gina ko ubansa. Ya bar gemu ya fito, mai aski ya riƙa daidaita masa shi yana duban hoton Sarki da ke manne a madubi. Ya sayo farin tabarau mai zagayayyen gilashi, alhali idonsa garau yake, yana iya zare siririyar waya daga cikin kwayil ɗin fanka ba tare da ya matso da fitila ba. Maganarsa ta koma a hankali, kalma ɗaya sai a jira ta biyu. Fankokin mutane suka taru a lungu suna shan ƙura.

Da a shago abin ya tsaya, da na kau da kai. Amma Sarki ya biyo shi har gida. Mutumin da yake cin abinci yana surutu har sai na ce ya haɗiye tukuna, yanzu ya zauna a miƙe kamar an sa masa katako a baya. 'Yarmu ta kawo masa ƙarar wata malama, ya ce, "Mun ji, za a duba." Ni kuma na tashi daga Maman Yara na koma Gimbiya. Ranar farko na yi dariya. Ranar da ya sake faɗa a gaban ƙanwarsa, ita kuma ta rusuna masa da gaske, sai na daina dariya. Gaskiya kewarsa nake yi, ga shi kuwa a ɗaki ɗaya muke kwana.

Na gwada dabaru irin namu. Na ɓoye tabarau a cikin kwandon albasa, ya sayo wani. Na je na sami mai aski na ce hannunsa ya ɗan zame mana sau ɗaya, ya ce, "Malama, rufa mini asiri, tun da aka fara wannan taron ban zauna ba, masu jiran layi duk a wurina suke aski." Na yi wa mijin magana kai tsaye, ya saurare ni har ƙarshe da haƙurin da ya fi zagi ciwo, sannan ya ce mutane suna da bukata. Ni dai na san abu ɗaya, yaran ajina masu taurin kai ma ban taɓa barin ɗaya ya gagare ni ba, balle mutumin da na san yadda yake minshari.

Wata ranar aiki da aka tashi daga makaranta, ban nufi gida ba. Na wuce shago da allina a hannun riga, na sami ƙarshen benci na zauna. Mai aski ya leƙo.

"Malama, lafiya?"

"Wurin Sarki na zo, kamar kowa."

Na jira wani ya gama godiyar rijiyar unguwarsu, wata ta gama kukan filin mijinta. Da layi ya zo kaina na tashi na durƙusa a kan siminti, tsakanin wayoyi. Ya zaro ido ta saman tabarau.

"Gimbiya, me..."

"Ba gimbiya ba ce, ranka ya daɗe, talaka ce ta kawo ƙara."

Na ce, "Ubana kwanuka yake sayarwa a tsohuwar kasuwa. Ka sa aka rushe ta don titin asibiti ya wuce. Aka ce za a ba su wani wuri. Har ya mutu kullum da safe sai ya yi wanka ya sa kaya ya zauna a ƙofar gida, kamar mai shirin fita. A asibitin nan kuma na haifi 'yata, jini nake zubarwa, da ba don titin ba da a hanya zan cika. Na daɗe da ajiye waɗannan biyun a gefe, ban ce ka biya ni ba, ban ce na biya ka ba. Abin da ya kawo ni yau daban ne."

Na gyara durƙuso, na ci gaba.

"Akwai wani bawan Allah mai gyaran fanka. Ranar rusau shi ya ɗauko katakon shagon ubana a kansa, yana zaginka tun daga kasuwa har ƙofar gidanmu, ni ina bayansa ina cewa ya rage murya. Shi na aura. Kana raye ba ka san da zamansa ba, sai da ka mutu ka zo ka ɗauke mini shi. Kasuwa na bar maka, ka riƙe. Mijina nake so."

Wata a benci ta ce ikon Allah. Mai fenti ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye ta. Can mijina ya zare tabarau ya ajiye a cikin gwangwanin kusoshi, ya tashi ya shiga shagon aski. Muna jin mai aski yana tambaya, "Duka?" Ya ce, "Duka."

Da ya fito, haɓa fes, sai na ga abin da na jawo. Wani tsoho da ya zo daga nesa, yana zaune da sandarsa tun kafin in iso, ya miƙe tsaye.

"Wayyo Allah! Ai wannan shi ne yana saurayi! Haka yake ranar da ya hau gadon mulki, da idona na gan shi!"

Kuma gaskiyar tsohon ce, ni ma na san hoton. Gemun ashe tsohon Sarki ya ba mu, askin kuma ya fito mana da sabo. Na ce a raina, yau ni na yi wa kaina. Tsohon ya fara rusunawa yana ranka ya daɗe, sai mijina ya tare shi da hannu biyu ya ɗaga shi, ya yi magana da sauri, da muryar nan tasa mai kama da ana jan benci.

"Baba, tashi don Allah, kada ka sa ni a uku. Sarki ya mutu, an binne shi. In zaginsa ka zo yi, zauna mu zage shi tare, surukina ma ya rushe wa shago. In yabo ne, ga matata nan, a asibitinsa ta haihu. Ni fanka nake gyarawa."

Tsohon ya koma ya zauna a hankali, ya ƙare masa kallo.

"To kai, ɗana, me ka ce a kansa?"

Mijina ya shafa haɓarsa. "Ni? Mutumin kirki ne da bai iya ba da haƙuri ba."

"Mutumin kirki?" Ban san lokacin da na miƙe ba. "Bayan abin da ya yi wa Baba?"

"Ke fa kika gama cewa titinsa ya cece ki!"

"Na ce titi, ban ce shi ba!"

Benci ya rabu biyu nan take, kowa ya kama ɓangare, ba wanda ya ƙara duban fuskar kowa. Muka rufe shago muna musu, muka shiga mota muna musu, ya ce mini ban san tarihi ba, na ce masa shi ko jarida bai taɓa karantawa ta wuce shafin ƙwallo ba. A bakin ƙofa 'yarmu ta fito da gudu jin hayaniya, ta tsaya tana dubanmu, sannan ta juya ta ƙwala wa ƙanwar ubanta kira a ciki.

"Gwaggo, fito ki gani! Baba ya dawo, suna faɗa!"