Shamuwa Ta Ci Amanar Labbo

A Nasarawa Burkullu babu wanda bai san bijiman Labbo guda biyu ba, Ciyaman da Kansila. Shekarar da soja suka koma bariki aka yi zaɓe ya sayo su, ya ce ya raɗa musu sunan ne don ya lura ci suke yi ba ƙaƙƙautawa, aiki kuwa sai an ɗaga bulala. Amma duk wannan a baki ne. Labbo yana son dabbobin nan har cikin ransa. Da su yake huɗar gonarsa, da su yake yi wa rabin unguwa huɗa, kuma kowa ya san garma ba ta tafiya da sa ɗaya.

Abin da ke riƙe ran shanu a bazara kuwa harawa ce. Makiyayar bayan gari tuni gonaki suka cinye ta, in zafi ya kankama babu abin da dabba za ta tsinta a can sai leda. Bara da harawar Labbo ta ƙare da wuri, sai da aka taru da itace aka ɗaga Kansila daga kwance. Ita kuma harawar wake shegiyar aba ce. Ka yi jinkirin yanka, ganye ya zube ka kwashi tsirara. Ka yi gaggawa ka shanya, ruwan ƙarshe ya sauko mata ta ruɓe. Damina kuma a shekarun nan ta zama kamar baƙon da ya yi sallama har sau uku yana nan zaune kan tabarma.

Labbo dai bai taɓa damuwa ba, don yana da shamuwa. Tun zamanin mahaifinsa suke sheƙa a kan tsamiyar ƙofar gidansu, su zo da ruwan fari, su tafi da na ƙarshe. Tsohon ya bar masa wasiyya cewa ranar da ya wayi gari ya ga tsamiya babu shamuwa, ya wasa lauje. Shekara da shekaru abin bai saɓa ba, har 'yan unguwa suka daina duban sama suka koma duban tsamiyar Labbo. Shi kuwa kai ya kumbura. In rediyo ta ce ana sa ran ruwa, sai ya ce mai maganar yana cikin ɗaki mai fanka, ina ya ga hadari.

Ana cikin haka Sani, ɗan maƙwabcinsa, ya dawo daga Anka da tsohon injin niƙa a bayan akori-kura. Ya durƙusa har ƙasa ya ce, “Baba, inuwar tsamiyag ga nika roƙo in aje injin. Dusar da duk ta taru kuwa ta Ciyaman da Kansila ta.”

Dusa kyauta! Labbo bai bari yaron ya rufe baki ba ya sa masa albarka. Aka kafa inji, aka tayar. Ƙararsa kamar ana yi wa jaki kaciya, hayaƙinsa kuma baƙi ƙirin yana miƙewa cikin rassan tsamiya tun hantsi har la'asar. Bijimai suka yi ta shan dusa suna sheƙi, Labbo yana shafa tozonsu yana yaba dabararsa.

Wata safiya ya fito ya ɗaga kai, tsamiya wayam. Ya koma cikin gida da sauri yana neman dutsen washi.

Matarsa Tasalla tana wanke ƙwarya, ta dube shi ta ce, “Malam, mi za ka yi da lauje? Gero ko gama bushewa bai yi ba.”

“Shamuwa ta tashi.”

“Tashi ta yi ko korar ta anka yi? Ni da nika kai niƙa, in na dawo sai kunnena ya wuni shina kuka. Balle tsuntsu da ad da hayaƙi cikin hanci.”

“Ke Tasalla, shamuwa da ta san tsawa tun kakanninta, injin Sani za ya ba ta tsoro? Ki tsaya ga tuwonki, ki bar mini sama.”

“Na bar maka,” in ji ta. “Amma ka dibi gabas.”

Bai duba ba. Ko da ya duba ma, ai ba zai bari a ce hadari ya fi mahaifinsa gaskiya ba. Tasalla kuwa da ta je niƙa ta faɗa wa matan unguwa ra'ayinta, su kuma suka kai gida. Shi ya sa a karon farko Labbo ya tafi yankan harawa babu wanda ya bi bayansa. Wannan ya ƙara tunzura shi. Ya yanke gonar waken kakaf, bai bar ko kunya ɗaya ba, ya baje harawa kore shar tana shan rana. Duk wanda ya wuce ta hanyar sai ya tsayar da shi ya ce masa ragwaye ne ke jiran a yi musu shela.

Harawa ta fara yaushi, ƙamshinta ya fara tashi, saura kaɗan a naɗe ta dami-dami a ɗora kan rumfa. Sai rannan bayan azahar iska ta tsaya cik, gabas ta haɗe rai. Labbo ya zura da gudu gona, zani a hannu kamar zai rufe kadada guda da shi. Kafin ya haɗa dami uku aka kece da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Washegari aka ƙara. Rana ta leƙo ya juya harawar, aka sake ƙarawa. Da sama ta gaji, abin da ke kwance a gonar baƙi ne, mai santsi, mai warin tsohuwar rijiya.

Ya ɗebo wadda ta fi dama-dama ya zuba wa Ciyaman. Sa ya sunsuna, ya kau da kai kamar an kawo masa koke. Kansila ko sunsunawa bai yi ba.

Labbo ya ce to, ai akwai dusa. Ba a rufa mako ba injin Sani ya yi tari, ya yi atishawa, ya mutu. Bakanike ya zo daga Bukkuyum ya kwance shi gunduwa-gunduwa a kan buhu, ya ce abin da ya lalace sai an aika Gusau, ya hau babur ya tafi da wasu kusoshin a aljihu. Ƙofar gida ta yi tsit. Da yamma Labbo yana zaune gindin tsamiya ya yi tagumi, sai ya ji wani abu mai ɗumi ya sauka a hularsa. Ya ɗaga kai. Ga shamuwar nan sun jeru a reshe, har da mai ɗingishin nan da ya sani shekara da shekaru, suna gyara fiffike kamar ba su taɓa zuwa ko'ina ba.

Tasalla ba ta ce “na faɗa maka” ba, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ta bari sai da ya ci tuwo, sannan ta zauna nesa kaɗan ta ce, “Malam, 'yar harawar gyaɗa da kara da munka samu, sa guda za su riƙe, shi ma da ƙyar. In ka riƙe biyu, biyu za mu ɗaga da itace. Ka hidda guda tun shina da tozo nai.”

Labbo ya tashi ya je turke ya daɗe tsaye tsakanin bijiman. Ciyaman ya fi ƙarfi, shi zai iya jure bazara. Kansila kuwa shi ne mai sa masa hanci a aljihu yana neman kanwa. Labbo ya zagi injin, ya zagi dusa, ya zagi shamuwa da iyayenta. Kansa ne kawai bai zaga ba, shi ma don ya san Tasalla tana jin sa.

Ranar kasuwar Gummi ya kwance Kansila da sassafe. Sama fes, babu ko ɗigon gajimare, wata busasshiyar iska tana kaɗawa. Da ya fito ƙofar gida ya ɗaga kai bisa al'ada. Tsamiya wayam, kuma wannan karon babu inji, babu hayaƙi.

A kan hanya ya yi ta gamuwa da 'yan unguwa, kowa da lauje a kafaɗa, sun nufi gonakin wake. Makau, wanda ya fi kowa yi masa dariya kwanakin baya, ya tsaya ya cire hula da gaske ya ce, “Labbo, Allah shi jiƙan tsoho. Mun ga sun tashi. Magana tai ba ta hwaɗi ƙasa ba.”

“Amin,” in ji Labbo.

Daga cikin gida Ciyaman yana ta kuka a turke. Kansila ya tirje ya waiwaya, Labbo ya ja igiya.