Ɗakin da Pandu Ya Gina wa Baƙi

Ranar Talata ce, ana yayyafi tun asuba, Pandu kuma na durƙushe yana goge tayil ɗin sabon ɗaki. Duk wanda ya leƙo da taɓo a ƙafa sai ya kore shi. Yau ce ranar da Kombo, ɗan kamashon da ke tarbar 'yan yawon buɗe ido a tashar jirgin ruwa, zai kawo masa Turawa biyu. Wai sun gaji da otal-otal na bakin teku, a ƙauye suke son kwana.

Tun da Kombo ya yi masa alkawarin nan Pandu bai zauna ba. Kowa a tsibirin Pemba ya san ba a sauke baƙo a inda kaji ke shiga. Ya sayar da saniyar kakarsa da bishiyoyin kanumfarin da ke bayan gida. Ya rushe ɗakinta na ƙasa mai rufin ganyen kwakwa, ya ta da na bulo a wurin, da rufin kwano da labule mai furanni da kwan fitila shuɗi. Ita kuwa kakar tasa, Bi Mboje, wadda ta raine shi kuma idonta ya daɗe da tafiya, ya shimfiɗa mata tabarma a rumfar girki.

"Maigidana," ta kira shi daga can, yadda ta saba tsokanarsa tun yana yaro, "ruwa na feso min a baya."

"Ki matsa ciki mana, Kaka. Kuma in sun zo kada ki fito da wannan zanen."

"Da wanne zan fito? Sauran suna cikin akwatin da ka sayar."

Ya tafi ya duba tukunyar shinkafa da naman agwagi biyun da ya yanka. Maƙwabcinsu Baba Faki ya zo wucewa da buhu a ka, Pandu ya ɗaga murya.

"Baba, yau ka ɗaure awakinka. In da hali ma ka lulluɓe wannan kangon naka, kada ka ba mu kunya."

Tsohon ya dubi ɗakinsa da ya karkace, ya wuce da buhunsa.

Bayan la'asar motar haya ta tsaya. Mace da namiji suka fito da manyan jakunkuna, Kombo na gaba yana washe baki. Pandu ya buɗe ƙofar, ya kunna kwan fitilar, ya ja gefe yana jiran yabo. Matar ta dubi tayil, ta dubi rufi, ta faɗi wata magana, mijin ya yi dariya.

"Me ta ce?"

"Ta ce ɗakinka kamar banɗakin filin jirgi," in ji Kombo. Murmushinsa ya ɓace. "Kai, ina ɗakin tsohuwa?"

"Na rushe shi. Ai wannan ya fi."

"Ka rushe? Hotonsa na nuna musu a waya, sakarai! Shi suka zo kwana a ciki. Irin wannan da ka gina, shi suka gudo wa."

"Ka faɗa musu sabo ne, ko sauro ba ya shiga."

"Sauron ma suna so."

Kafin ya rufe baki matar ta hango ɗakin Baba Faki, hayaƙi na fitowa ta cikin rufi, akuya na kwance a bakin ƙofa. Ta dafe ƙirji, ta ja hannun mijinta. Pandu na tsaye suka ɗauki jakunkunansu suka ratsa taɓo.

Jim kaɗan Kombo ya dawo shi kaɗai. Ya sauke tukunyar shinkafar zai kai wa baƙin, wai Faki bai dafa komai ba. Sai ya tsaya yana sosa ƙeya.

"Mutumina, ka ara min tsohuwa. A hoton tana zaune bakin ƙofa tana kankare kwakwa. Suna ta tambaya ina take."

"Kakar tawa za ka ara kamar turmi?"

"Ai a inda ake ajiye turmi na same ta."

Pandu ya yi kansa, amma muryar Bi Mboje ta tsayar da shi. Ta riga ta miƙe, tana laluben ginshiƙi.

"Ɗan nan, ɗakin Faki yana yoyo?"

"Gefe ɗaya ne kawai, Kaka," in ji Kombo.

"To riƙe min hannu."

Ta wuce ta gaban Pandu da jiƙaƙƙen zanenta, ba ta juyo ba. Ya ji Turawan suna tafi da ta isa.

Da magariba Baba Faki ya zo ya tsaya daga waje, don kada ya ɓata tayil. Ya ce tsohuwa ta aiko a ba ta tabarmarta. Ta ce ko baƙi sun tafi, can za ta zauna tare da matarsa.

Pandu ya naɗe tabarmar ya miƙa masa. Ya koma ya zauna a ƙasan sabon ɗaki, ruwa na dukan kwano har ba ya jin numfashinsa. Ya shiga lissafin abin da ya rasa. Saniya ɗaya. Bishiyar kanumfari bakwai. Akwati, ɗakin ƙasa, agwagi biyu da tukunyarsu. Sai Kaka.