Shaidar Jan Biro

Tun yana da baƙin gashi Farfesa yake koyar da rubutun shari'a a jami'a, a wani ɗan ofis da ke ƙarshen baranda, daura da ɗakin da ake jibge karyayyun kujeru. Abokan aikinsa suna ta zuwa kotu suna kare manyan mutane, ana haska su a talabijin, shi kuwa yana nan yana fama da yara kan yadda ake tsara takardar ƙara da bayanin shaida. Ɗalibai suka laƙaba masa Jan Biro, don in ka miƙa masa aikinka sai ya dawo maka da shi kamar an yanka kaza a kai. Karatunsa ɗaya ne kullum: kada ka rubuta abin da ba za ka iya tsayawa a kansa ba. Ɗalibansa sun zama alƙalai da manyan lauyoyi, amma shi bai taɓa buɗe baki a gaban alƙali ba.

Bai kuma iya tuƙi ba. Ƙaninsa Auta, direban tasi, shi ke ɗaukarsa kowace safiya kafin ya fara neman fasinja. Farfesa zai shige baya, ya ɗora takardun ɗalibai a cinya, ya yi ta jan layi yana tsaki har su isa.

To, wata safiya a mararrabar da ke da fitilar ba da hannu, motar burodi ta yi karo da tasin Auta. Ba wanda ya ji ciwo, burodi ne dai ya watse a titi. Direban burodin ya rantse Auta ne ya keta jar fitila, yaron motarsa ya mara masa baya. Aka kai magana kotu. In laifin ya tabbata za a karɓe lasisin Auta, kuma da wannan lasisin yake ciyar da 'ya'yansa.

Lauyan Auta bai damu ba ko kaɗan. Ina damuwa, ga farfesan shari'a a cikin motar? Ya zo gidan Farfesa da bayanin shaida a rubuce, hannu kawai za a sa. Farfesa ya gyara zaman tabarau, ya laluba aljihun gaba, ya zaro biron nan. Ya soke "ba tare da wata shakka ba", ya ce surutu ne. Ya soke "da gudun fitar hankali", ya tambayi lauyan ko shi ya auna gudun. Lauya yana ta murmushin yaƙe, kamar an mayar da shi aji. Da aka zo kan layin da ya ce Farfesa ya ga fitila ta ba su hannu, sai biron ya tsaya. Can ya ja layi a kai, a hankali.

Ashe lokacin da abin ya faru kansa na sunkuye, yana kokawa da wata jimla da wani ɗalibi ya ja ta har rabin shafi. Ƙarar karon kawai ya ji.

Matarsa da ta kawo musu ruwa ta dire tiren da ƙarfi. Ta tuna masa cewa Auta ba ɗalibinsa ba ne, cikinsu ɗaya. Ta tambaye shi ko yana zargin ƙanin nasa ne. Ya ce ko kusa, shi kam ya yarda Auta ke da gaskiya ɗari bisa ɗari.

"To ka faɗa musu mana, Malam."

"Yarda daban, gani daban," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa.

Auta na zaune a bakin ƙofa yana juya makullin mota a hannu. Zaman nan nasa ya fi faɗan matar damun Farfesa. Kwanakin da suka biyo baya abinci ma sai ya tsakura ya ture. Ya ɗauko bayanin ya fi a ƙirga, yana neman wata dabarar rubutu da za ta ceci Auta ba tare da ƙarya ba. Duk wadda ya samo, sai ya tuna ya taɓa kayar da ɗalibi a kanta.

Ranar shari'a, wa zai gani a matsayin mai gabatar da ƙara? Wata tsohuwar ɗalibarsa, wadda ya taɓa sa ta sake rubuta takarda har ta yi kuka. Ta rusuna ta gaishe shi da ladabi, sannan ta yi masa tambaya gajera, tsaf, irin wadda shi ya koya mata: ya ga launin fitilar a lokacin karon? A wani gefen zuciyarsa har ya ba ta maki.

Ya dubi Auta. Sai yau ya lura furfura ta fara cin gefen kan ƙanin nasa. Tsoro ya kama Farfesa.

"Ban gani ba. Ina duba takarda."

Ta ce ba ta da sauran tambaya. Amma Farfesa bai sauka ba. Ya roƙi alƙali ya bar shi ya ƙara magana, kafin a ba shi izini ma ya fara. Ya ce shekara da shekaru mutumin nan yake ɗaukarsa. Auta yana tsayawa a jar fitila ko titi wayam yake, ko na baya suna ta danna masa hon, har shi kansa ya sha yi masa faɗan ɓata lokaci. Ya ce Auta ba ya amsa waya yana tuƙi, kuma in ya hango tsohuwa za ta tsallaka, tun daga nesa yake rage gudu. Maganar ta fito a hargitse, yana maimaita kansa. Mai gabatar da ƙara ta duƙufa kan takardunta kamar ta ɓatar da wani abu, sai da ya kai aya sannan ta miƙe ta ce wannan ba amsar tambayarta ba ce.

Alƙali ya ce haka ne. Halin kirki abu ne mai kyau, amma ba ya faɗin launin fitila. Ya dakatar da lasisin Auta na wasu watanni.

A waje matarsa ta yi gaba abinta, ko waiwaye. Farfesa ya tsaya a kan matakala rungume da jakarsa, kunya da baƙin ciki sun cika shi. Ya buɗe baki zai ba da haƙuri, duk iya tsara maganarsa ya rasa ta inda zai fara. Auta ya daɗe yana kallon motocin da ke wucewa.

"Yaya," ya ce, "ashe duk shekarun nan kana lura da ni? Na ɗauka takarda kaɗai kake gani."

Farfesa ya cire tabarau yana goge shi da gefen riga, gogewar ta ƙi ƙarewa. Auta ya karɓi jakar ya rataya, ya kama hannun yayansa, suka tsallaka titi zuwa inda ake jiran bas.