Tankin da Aka Bari Ya Huta

Wata shida Christabel tana razana tarwaɗa a ɗakin bincikenta na Samaru, don ta gano ko tashin hankali na kumbura hanji. Kullum takan kori na tanki ɗaya da raga, ta bar na ɗayan su huta.

Ranar da ta feɗe su, hanjinsu duka ya yi jawur. Ashe injin markaɗen bayan katanga bai bar kowa ya huta ba.

A gida, Sabon Gari, ta tarar da ƙanenta Dominic, wanda ciwon hanji ya ramar, ya dawo daga asibiti.

"Yaya, likita ya ce in samu kwanciyar hankali."

"A ina, Dominic? Ni da na kasa sama wa kifi?"