Inda Ba a Tambayar Ya Jiki

Tayar keken guragun ta maƙale a bakin ƙofa, Maureen Tapley ta sa gwiwa ta danna har ya fita titi. Desmond Ackroyd, maƙwabcinta da bango ɗaya ya raba su, yana zaune a ciki, ya dafe hularsa. Ciwon daji ya gama cinye shi, rigar sanyin da take matse shi a da yanzu mutum biyu ma sa shiga. Nas ta hana shi fita, 'yarsa da ke Landan ta nanata ta waya. Shi kuwa ya kafe sai an kai shi babban kantin littattafan tsakiyar gari, ko da rarrafe ne.

Maureen ba ta ga dalili ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ai 'yarsa ta saya masa na'urar karatu mai ɗauke da littattafai fiye da abin da zai iya karantawa, har ƙara girman rubutu take yi. In ma takarda yake marmari, ga ɗan shagon littattafan Pennock a ƙarshen layi, mutumin da ya san shi tun suna samari.

"Shi ya sa ba zan je ba," in ji Desmond. "Pennock zai riƙe hannuna ya yi ta kallona kamar an riga an sa ni a akwatin gawa. Can kuwa ba wanda ya san ni, kullum sababbin ma'aikata. So nake in zauna inda ba a tambayar ya jiki. Ki yi mini alƙawari, Maureen, bakin nan naki zai yi shiru."

Nan ake yin ta, don Maureen in ta ji magana da safe, kafin rana ta yi tsaka mai kawo madara ma ya sani. Amma ta ɗauki alƙawarin.

Kantin da ɗumi, ga ƙamshin kofi da sabuwar takarda. Ta kai shi bene ta lif, ya zaɓi wani ƙaton littafin jiragen ƙasa, ta sayo masa shayi. Yana lasar yatsa yana buɗe shafi, ya lanƙwasa gefen wanda ya yi masa daɗi, ya ɗora kofin a kai. Sai ga wata ma'aikaciya mai furfura, an rubuta Bernadette a ƙirjin rigarta.

"Yallaɓai, wannan na sayarwa ne fa. Ka lanƙwasa shi, ka mai da shi faranti. Wa zai saya yanzu?"

Ran Maureen ya ɓaci ƙwarai. Maganar ciwonsa ta zo mata har bakin leɓe, kalma biyu kawai ta ishi matar nan ta ji kunyar da ba za ta manta ba. Ta dubi Desmond, ta ga ya gyara zama. Ta cije ta haɗiye.

Shi kuwa ya shiga musu da ƙarfinsa. Ya ce kuɗin littafin fashi ne da rana, kuma hoton da ke shafin ma sun sa sunan tashar da ba ita ba. Bernadette ta ce a shekarunsa ya kamata ya san yadda ake riƙe kayan mutane, ta zare littafin ta goge da hannun riga. Har suka isa gida yana dariya, tari na katse shi.

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, Maureen na ninke masa tawul.

Bayan jana'iza ta koma kantin, ita ma ba ta san me ta je nema ba. Bernadette na jera littattafai a kan tebur, ta ɗago ta gane ta.

"Ina tsohon nan naki mai taurin kai?"

Maureen ta gyara jakarta a kafaɗa.

"Yana gida. Ya ce kayanku sun yi tsada."

"Ki ce masa na duba, ya yi gaskiya a kan tashar. Amma kada ya zo mini da shayi."

"Zan faɗa masa."

Bernadette ta koma kan aikinta. Maureen ta tsaya jikin taga tana kallon masu shigowa a ƙasa, kowa na kakkaɓe lemarsa a bakin ƙofa.